Digirin intanet: kafin ka tura dalarka, wa zai karɓi takardar?

Tallar nan ta ishe mu wallahi. Ka buɗe Facebook ka gan ta, ka shiga guruf ɗin ma'aikata na WhatsApp ka tarar wani ya turo ta, hoton wata baiwar Allah da hular yaye ɗalibai tana murmushi, ƙasa an rubuta wai ka yi digirin Amurka ko na Ingila kana kwance ɗakinka, wai an ba ka sikolaship, wai ran Juma'a za a rufe. Kuma mutanenmu nan Sakkwato suna shiga, ba ɗaya ba ba biyu ba, malaman firamare, ma'aikatan sakatariya, ma'aikatan jinya, matan aure da sunka aje karatu bayan NCE, har da 'yan kasuwa masu son a riƙa kiran su Dakta. Abin da ke ci mani rai shi ne mafi yawansu tambaya biyu suke yi kafin su tura kuɗi, nawa ne, kuma wata nawa za a gama. Ita kuwa tambayar da ta fi nauyi, wa zai karɓi takardar ga in na kai mashi, sai an gama biya ake tunawa da ita.

Ni dai ba na ganin laifin wanda ya waiwayi karatun intanet. Duk wanda ya ga yadda ASUU ta rufe jami'o'i wata takwas cur a 2022, daga Fabrairu har Oktoba, yara na zaune gida suna tsufa, ya san dalili. Ga magidanci mai HND da ya maƙale a lebul ɗaya shekara da shekaru yana kallon yaran da sunka tarar da shi ofis suna wuce shi don kawai suna da digiri, ba zai iya aje aiki da iyali ya riƙa bin motar Danfodiyo kullum safiya zuwa Dundaye ba. Ga mace mai 'ya'ya huɗu da maigida ya ce ya yarda ta yi karatu amma ba fita kullum ba. Waɗannan duk buƙatu ne na gaskiya, kuma masu tallar sun san da su, shi ya sa kalamansu ke shiga jiki.

Karatu daga nesa kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u ta riƙa tura jajis ɗinta, wato mata malamai da ta horar, ƙauyuka da karatu a cikin waƙa suna kai ma matan da ba su iya zuwa wurinta, tsarin 'Yan Taru kenan da har yau ake magana. Jami'ar Landan tun 1858 take ba mutane damar zama jarabawarta ba tare da sun zauna ajinta ba. Mandela a UNISA ta Afirka ta Kudu ya kammala digirin lauya a 1989 yana tsare. Namu NOUN, jami'ar karatun nesa ta gwamnatin tarayya, Shehu Shagari ya kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, ga ta nan da cibiyarta a cikin garin ga. To nisa ba shi ne ciwon ba. Abin dubawa shi ne wa ke da makarantar, kuma ina kuɗinka ke zuwa in ka biya.

Jami'o'i kala uku ne ta fuskar kuɗi. Akwai ta gwamnati. Akwai mai zaman kanta wadda in kuɗi ya yi saura doka ta ce a mai da shi cikin makarantar, a gina laburare, a ɗauki malamai. Sannan akwai wadda kamfani ce tsantsa, tana da masu hannun jari da ke jiran ribarsu duk bayan wata uku kamar kamfanin siminti ko na waya. Neman riba halal ne, mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, ba wanda zai ce kar a ci riba. Amma in mai makaranta dole ne ya nuna ma masu jari cewa ɗalibai sun ƙaru bana fiye da bara, to hankalinsa zai fi karkata ga shigo da sabon ɗalibi fiye da karantar da wanda ya riga ya shigo. Wanga ba zato na ba ne, an bincika an gani. A 2012 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya fitar da rahoto kan kamfanoni 30 masu irin waɗannan makarantu, sunka gano a shekarar 2009 kashi 22.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu ya tafi ga talla da farautar ɗalibai, kashi 19.4 riba ce, koyarwa kuwa, ita da aka ce don ita anka buɗe makarantar, kashi 17.2 kacal ta samu. Kuma fiye da rabin ɗaliban da sunka shiga tsakanin 2008 da 2009 sun bar karatun ba takarda kafin tsakiyar 2010. Ka tsaya ka auna wagga magana, kuɗin kiran ka a waya ya fi kuɗin malamin da zai duba asaimen ɗinka.

Babbar cikinsu a lokacin ita ce University of Phoenix, wadda John Sperling ya kafa a 1976 don ma'aikata manya masu son komawa karatu, niyya mai kyau a farko. A 2010 ɗalibanta sun kai wajen 470,000, ka haɗa jami'o'in Arewa da yawa ba su kai haka ba. A Disambar 2019 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa ta sasanta kan dala miliyan 191 saboda tallace-tallacen da ke nuna kamar tana da wata yarjejeniya ta samar ma ɗalibanta aiki da kamfanoni irin Microsoft da AT&T da Twitter da Yahoo. Ba su amsa laifi ba amma sun biya, miliyan 50 tsaba, miliyan 141 kuma bashin ɗalibai da sunka yafe. DeVry ita ma ta biya dala miliyan 100 a 2016 kan tallar da ke cewa kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta masu neman aiki suna samu a fanninsu cikin wata shida. Abin lura a nan, waɗannan ba makarantun bogi ba ne fa, suna da rajista, suna da tantancewa, ana lakca ana jarabawa. Duk da haka bakin tallarsu ya fi aikinsu girma.

Wasu ma rufewa sunka yi da ɗalibai a ciki. Corinthian Colleges ta durƙushe a 2015, ITT Technical Institute ta bi ta a Satumbar 2016, dubban mutane sunka wayi gari makarantarsu ba ta nan. Daga baya a 2022 gwamnatin Amurka ta yafe ma tsoffin ɗaliban Corinthian su 560,000 bashin dala biliyan 5.8. To su 'yan ƙasa ne, bashin gwamnatinsu sunka ci, gwamnatinsu ta yafe. Kai da ke Mabera ko Runjin Sambo ka sayar da bijiminka ka canza dala ka tura, in makarantar ta rufe gobe ofishin wa za ka je? Wace kotu za ka shigar da ƙara, da wane kuɗin lauya? Wanga shi ne bambancin da ba a gaya muna. Haɗarin da Ba'amurke ke ɗauka da kariya a bayansa, mu muna ɗaukar shi tsirara.

Kuma hukumar da ta tantance yawancin makarantun Corinthian da ITT, mai suna ACICS, ita kanta Ma'aikatar Ilimin Amurka ta janye amincewa da ita a 2016, anka mayar mata, sannan anka soke ta gaba ɗaya a 2022. Don haka in ejan ya ce maka ai makarantarmu tantantacciya ce, maganar ba ta ƙare ba. Wa ya tantance ta, shi kuma wa ya yarda da shi. Akwai ma makarantun da su da kansu ke ƙirƙiro hukumar tantancewa, su buɗe mata shafi mai tambari da hoton duniya da alƙalami, su dawo su ce ga shi an tantance mu. Kamfanin Axact na Karachi a Fakistan haka ya yi ta yi da ɗaruruwan shafukan jami'o'in da babu su ko'ina a doron ƙasa, har jaridar New York Times ta tona asirin a 2015. Waɗannan su ne 'yan damfara zalla, ba su da alaƙa da karatu, kuma bai kamata a haɗa su kwando ɗaya da irin su Phoenix ba. Amma a fuskar wayarka duk iri ɗaya suke, gini mai jan bulo, ciyawa kore, Turawa na dariya riƙe da littattafai.

Mu nan gari muna da ma'aunin da ya fi wanga tun da can. In mutum ya zo ya ce shi malami ne ba rawaninsa ake kallo ba, tambayarsa ake wa ya karantar da kai, wane littafi ka sauke gabansa, shi kuma wurin wa ya ɗauka. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu gare su da abin da ya karanta wurin kowane. Ijaza darajarta darajar wanda ya ba da ita ce. Digiri ma haka yake, takarda ce da wani ya sa hannu yana cewa na shaida wane ya san kaza, in ba a san mai shaidar ba ko ba a yarda da shi ba, to takarda ce kawai komai kyan zanenta. Shi ya sa abu na farko da nake yi in an turo mani sunan wata jami'a shi ne in nemi shafin malamanta. Su waye, ina sunka yi nasu karatun, sun taɓa rubuta wani abu da za a iya gani, kuma cikakkun ma'aikata ne ko 'yan haya ne da ake biya kan kowane kwas. Makarantar da ke da hoton ɗalibai ɗari ba ta da sunan malami goma da za ka iya bibiya, ni daga nan na gama da ita.

Wani ƙanena, ɗan kawuna, ma'aikacin gwamnati ne mai HND, ya same ni da maganar wata irin wagga makaranta bayan ya riga ya biya zango biyu. Ya ce tun ranar da ya cika fom ɗin nan na sa suna da lambar waya ba a bar shi ya huta ba, wata mata ce ke kira bayan isha'i, ta san sunansa, ta san aikinsa, tana tambayar lafiyar yara, tana ce mashi kwamiti ya zauna an zaɓe shi cikin mutane kaɗan daga Afirka, in bai biya kuɗin rajista kafin awa 48 ba za a ba wani gurbinsa. Ba su tambaye shi sakamakon WAEC ba sai bayan ya biya. Ya nuna mani wayarsa, gilashin ya tsage ta gefe, ya buɗe shafin karatun, bidiyo ne gajeru da tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, in ka faɗi ka sake har sai ka ci. Na ce ka taɓa magana da malamin kwas ɗin nan? Ya ce akwai wurin aje saƙo, wani lokaci ana amsawa bayan kwana biyu uku. Ita kuwa mai karɓar kuɗi ko minti biyar ba ta yi ba ta amsa ba.

Ya ce, Yaya mi kag gani? Sun ce mani duniya duka ana amsar takardarsu.

Na ce mashi ka bar duniya tukuna, gobe ka shiga ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka, su da za su yi maka ƙarin girman, ka tambaye su da sunan makarantar a rubuce. Ya je. Abin da anka gaya mashi shi ne takardar waje ba ta shiga fayil sai da wasiƙar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, kuma tun farko ma ya kamata ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ya fara. Da ya rubuta ma makarantar yana neman su tabbatar mashi a takarda cewa ma'aikatar na amincewa da digirinsu, amsar da ta dawo doguwa ce mai daɗi amma ba eh a cikinta, wai alhakin ɗalibi ne ya bincika dokar ƙasarsa. Kuma gaskiya sunka faɗa, yana nan rubuce cikin sharuɗɗan da ya danna ya amince bai karanta ba. Kuɗin zango biyu sun tafi, kuɗin da ya tara daga kiwon raguna na layya.

Ƙofar Najeriya ta ƙara ƙunci ma tun bayan abin da ya faru da digirin Kwatano. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai taɓa zama aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ran 2 ga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya Ministan Ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, jami'o'i biyar kawai anka amince da su a Benin, uku a Togo. Tun daga nan duk wanda ya zo da takardar waje kallon tuhuma ake fara yi mashi ko da tashi mai kyau ce. Ga kuma NYSC, wanda ya yi karatu waje sai ya nuna fasfo da biza da hatimin shiga da fita na ƙasar da ya ce ya yi karatu. Kai da ka yi naka a Arkilla kan tabarma, wane hatimi za ka nuna? Yaro ɗan shekara 19 da bai da digirin farko, wanda gobe zai nemi aikin gwamnati ko na banki inda ba a maganar komai sai da takardar NYSC, ni ban ga dalilin da zai sa iyayensa su kai shi jami'ar waje ta intanet ba, komai sauƙin kuɗinta. Ko a gida ma masu karatun nesa da na wucin gadi tsarin da NYSC ta daɗe a kai shi ne ta ba su takardar cirewa maimakon ta tura su hidima, to ya kamata yaro ya san wanga tun kafin ya fara.

Wani zai ce to ni ba gwamnati zan yi ma aiki ba, kamfani nake nema, ko aikin waje ta kwamfuta. Nan ma akwai abin sani. Wasu masana tattalin arziki a Amurka, cikinsu har da David Deming da Claudia Goldin wadda ta ci kyautar Nobel a 2023, sun yi wani gwaji da anka buga a 2016, sunka ƙirƙiri takardun neman aiki iri ɗaya sunka tura ma kamfanoni masu neman ma'aikata da gaske, bambancin kawai sunan makaranta. Mai digirin kasuwanci daga jami'ar intanet ta 'yan riba damar a kira shi ta gaza ta mai digirin jami'ar gwamnati gama-gari da kashi 22 cikin ɗari. Ba Harvard anka gwada su da ita ba fa, jami'ar gwamnati ce irin wadda kusan kowa ke samun shiga. To in a ƙasarsu inda anka san su haka masu ɗaukar aiki ke kallon takardar, mu da ke saye don sunan Amurka ya kamata mu yi tunani sau biyu. Su kansu kamfanonin sun san sunansu ya yi tabo shi ya sa ake ta sauya riga, Kaplan University ta koma Purdue University Global a 2018 bayan jami'ar Purdue ta saye ta, Ashford ta koma University of Arizona Global Campus a 2020. Ba laifi ba ne a sauya suna, amma in kana bincike ka nemi tsohon sunan ma ka karanta abin da anka ce a kansa.

Binciken kuwa ba wani wahala gare shi ba, data ɗari biyar ta isa. In sun ce su na Amurka ne akwai shafin CHEA, ƙungiyar da ke sa ido kan hukumomin tantance jami'o'i a can, da na Ma'aikatar Ilimin Amurka inda za ka rubuta sunan makaranta ka ga ko tana ciki da wanda ya tantance ta. In na Ingila ne akwai rajistar Office for Students, hukumar da ke kula da jami'o'insu. In sun ce haɗin gwiwa suke da wata sananniyar jami'a, kar ka tsaya ga shafinsu, je shafin ita sananniyar ka ga ko ta ambace su, kuma ka tambaya sunan wa zai fito a kan satifiket ɗin, don nan ne ake yawan yi ma mutane wayo, a yi talla da sunan babba a ba da takardar ƙarami. Na gida kuwa NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, na da jerin jami'o'in da ta ba lasisi da cibiyoyin karatun nesa da ta amince da su, tana kuma fitar da sunayen haramtattu lokaci zuwa lokaci. Sannan ka shiga LinkedIn ko Facebook ka nemo 'yan Najeriya da sunka gama makarantar, waɗanda ka zaƙulo da kanka ban da waɗanda ejan ya haɗa ka da su, ka tambaye su kai tsaye, takardar ta yi maka aiki a ina? An karɓe ta ka yi mastas a Danfodiyo ko ABU ko BUK? Ta wuce tantancewar Abuja? In mutum ya fara ce maka ai ilimi ba don takarda ake yi ba alhali shi takardar ya biya, ka gane amsar.

Sai maganar jarabawa, wadda ni a wurina ita ke raba karatu da ciniki. Akwai wata maƙwabciyarmu da ke karatun nesa a ɗaya daga cikin na gida, na sha ganin ta cikin zafin Afrilu, wuta ba ta nan, ta shimfiɗa tabarma tsakar gida bayan yara sun yi barci, fitilar sola a gefe, waya jingine jikin kwanon sha, tana kwafe abin da ta karanta cikin littafin rubutu mai layi irin na 'yan sakandare. Lokacin jarabawa dole ta shirya ta tafi cibiya da katinta, a dubi fuskarta a dubi hoto, ta zauna ta rubuta, kuma akwai kwas ɗin da ta faɗi sai da ta maimaita shi. Ranar ta yi kuka sosai, amma ni faɗuwar nan ce ta sa na yarda da makarantar. Inda ba a faɗuwa, inda kowa ya biya ya ci, inda ba wanda ya damu ko kai ne ka rubuta ko ka ba yaron shagon kwamfuta ya yi maka, masu ɗaukar aiki ba wawaye ba ne, ba da jimawa ba suke ganewa, sai takardar ta faɗi a hannun kowa har da wanda ya yi karatun da gaske.

Kuɗi ma a lissafa shi da idon basira. Kalmar sikolaship a bakin waɗannan kamfanoni sau da yawa ragi ne daga farashin da ba wanda ya taɓa biya, kowa ya cika fom an ba shi. Abin tambaya shi ne jimillar abin da zai fita aljihuna daga yau har in riƙe satifiket da transkirif, har da kuɗin jarabawa da na kammalawa da na aiko da takarda. Kuma da wane kuɗi ake biya. A watan Mayun 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya shiga yana biyan dala 150 a wata, wato kamar naira 69,000, ya wayi gari ana neman 225,000 gare shi kan abu guda, a ƙasar da sai daga baya a 2024 anka kai mafi ƙarancin albashi 70,000. Mutane da yawa a nan sunka tsaya, ba su gama ba, ba su kuma iya ɗaukar abin da sunka karanta su kai wata makaranta ba, don wasu ba su sakin sakamako sai ka biya bashin da ke kanka, in ma sun saki ba lallai wata jami'ar ta lissafa maka shi ba.

Duk da wanga akwai wanda zan ce ma je ka yi. Mutumin da ke da digirinsa na gida, ya yi bautar ƙasa, yana aiki da kamfani ko ƙungiya mai zaman kanta, ya tambayi shugabanninsa sun ce za su lissafa mashi, ya bincika makarantar tana da tantancewa ta gaske, kuma aljihunsa zai ɗauki dala ko ta tashi, wanga in ya yi mastas ɗin kasuwanci ko na kwamfuta ta intanet zai amfana, musamman in abin da yake so shi ne ya iya aikin. Akwai ma waɗanda ba na riba ba kamar University of the People da anka kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa sai na jarabawar kowane kwas, ko da yake ita ma tambayar Abuja na nan a kanta kamar kowace takardar waje. A gida kuma zaɓi ya ƙaru, ban da NOUN da cibiyar karatun nesa ta ABU Zariya, a 2023 gwamnati ta ba da lasisi ga jami'o'in karatun nesa masu zaman kansu, cikinsu akwai Miva a Abuja da Iconic Open University nan Sakkwato. Naira ake biya, kuma in wani abu ya taso akwai ƙofar da za ka je ka ƙwanƙwasa, akwai NUC da za ka kai ma kuka. Amma su ma kar a ɗaga masu ƙafa don na gida ne. Lasisin buɗe jami'a daban, amincewa da kowane kwas daban, sai ka tambayi naka kwas ɗin da sunansa. In kuma fannin na da hukumar sana'a a kansa, kamar jinya ko lauya ko injiniya ko koyarwa, to ita hukumar za ka fara tambaya tun kafin makarantar, don ita ke ba da lasisin aiki, kuma ba ruwanta da abin da ejan ya faɗa maka a waya.

Duk amsar da anka ba ka, daga makaranta ko daga ofishinku, ka ce a rubuta maka ita, ta imel ko a takarda mai hatimi da kwanan wata, ka buga ta ka aje cikin fayil ɗinka na gida tare da rasit na kowane biya. Shekara uku ko huɗu masu zuwa wanda ya yi maka alkawari da baki wataƙila an yi mashi canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, wadda ke kiran ka bayan isha'i kuwa lambarta ma ba za ta shiga ba.